Shirun da Jamaluddeen Ya Yanke

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau aka naɗa Jamaluddeen sakataren ƙungiya. Na rubuta ne don kada gobe wani ya ce mani ba haka aka yi ba.

Mutumin da bai taɓa zuwa taron zuriya ba, ko sau ɗaya. A Kaduna aka haife shi, can ya yi jami'a, bai san hanyar garinmu Kende ba sai bara da aka yi rasuwar kakansa Baba Sambo. Yanzu ya dawo da kwamfuta a jaka da turare mai hawa kai, wai zai ɗora Ƙungiyar Zuriyar Gado Mai Jirgi a intanet, kowa ya ga asalinsa a waya, daga Bagudo har Madekali can cikin Benin. Tsofaffi suka ɗauki kabbara kamar an ga watan Sallah.

An kuma tsayar da Asabar ɗin ƙarshen wata don karrama kakana, Baba Lauwali, wanda ke riƙe da ƙungiyar tun ba a haife ni ba. Wannan ya cancanta, ko maƙiyinsa ya sani. Maganata ita ce wa zai tsaya kusa da shi.

Ni ne ƙafar tsohon nan. Tun da yana ta rufe masa ido, a bayan mashin ɗina yake rayuwa. Suna a Sharabi, ni. Ta'aziyya a Lolo, ni. Ni na san shingen da ake sauka a gaisa da wanda ɗaga hannu ya isa. Amma da aka zo zaɓe sai Kawu Abdulrauf, ƙanen mahaifina, ya gyara hula ya ce ana son mai ilimi. Ni da na koyi karatu da kaina, daga takardar ƙunshin ƙosai har littattafan haya na kasuwar Bagudo, nawa ba ilimi ba ne, tunda babu hotona da baƙar riga da hula mai geza.

Jamaluddeen ya miƙo mani hannu yana murmushi: "Bros Haliru, tare za mu yi aikin nan. Kai ne taransifot ɗinmu."

Taransifot. Ba ruwana.

Juma'a, 4 ga wata, bayan an sauko masallaci

Jamaluddeen ya zo ɗaukar muryar Baba. Ya kori kaji, ya rufe ƙofar zaure, ya ce ni ma in fita don na'urarsa na kwasar ƙara.

Baba ya yi dariya har da tari. "Hita, mai bakin ganga. Yaro ya gane ka tun ba a kwana ba."

Na ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, in ka gama ka ce kwamfuta ta kai ka Sharabi."

Na fita, amma ban yi nisa ba. Na jingina da bango ina ji. Baba ya ɗauko salsala yadda yake jero ta kowace shekara a taro, daga Gado Mai Jirgi da ya sauko ta kogi, zuwa 'ya'yansa, gida gida, na wannan gaɓa da na waccan. Da ya iso kan nasa 'ya'yan sai ya yi shiru.

Kowa a ƙasar nan ya san shirun nan. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kunya ce, ko akuya ta san haka. A taro, in Baba ya iso wurin sai ya tsaya ya sunkuyar da kai, ƙanensa Baba Sambo da ke zaune a damansa ya faɗi sunan da ƙarfi, Baba ya ce, "Shi ɗin," sannan ya ci gaba da sauran. Haka na taso ina ji. Ɗan farin nan shi ne mahaifina.

Yau Baba ya yi shirun. Ya daɗe. Baba Sambo yana ƙarƙashin ƙasa, jikansa kuma yana kallon kwamfuta. Ba wanda ya ce komai. Can Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Sai Abdulrauf."

Da suka fito, Baba ya miƙa masa sauran furarsa. Sauran furar nan tawa ce tun ina rarrafe.

Litinin, 7 ga wata, da hantsi

Ya sha furar yana yatsine fuska a ɓoye. Na gani. Har yau abin yana cina.

Alhamis, 10 ga wata, bayan azahar

An buɗe shafi. Ya turo a guruf ɗin da ya kafa, wanda ya kulle yadda shi kaɗai ke iya magana. Zumunci ke nan na zamani, mutum ɗaya da baki, sauran da kunne.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya fi ba ni haushi. Bishiya ce kore, Gado a gindi, rassa sun bazu. Ka taɓa suna ya buɗe maka 'ya'yan mai shi. Mu jikoki an ce kowa ya shiga ya zaɓi mahaifinsa a jerin, sai ya rubuta nasa sunan a ƙasa.

Na taɓa Lauwali. Na farko: Abdulrauf.

Na sauka ƙasa na hau sama. Na kashe waya na kunna. Sannan na danna muryar Baba da aka ɗora a gefe. Tas take fita, ba tari, ba kukan kaza. "'Ya'yan Lauwali, sai Abdulrauf." Kamar wuƙa ta bi ta kan sabulu.

Na same shi a shagon caji yana shan yabo. Yake gaya wa mutane wai ya sha wahala wajen gyaran muryar, ya yanke duk inda tsoho ya yi tari da duk inda ya tsaya hutawa. Hutawa! Jikan Sambo guda, bai san aikin da kakansa ya yi shekara da shekaru ba.

Kalma ɗaya ce zan faɗa masa ya gyara kafin la'asar. In na faɗa, bishiyarsa ta cika, a tafa masa, ni kuma in ci gaba da zama taransifot. A'a. Bari ranar ta zo, a kunna a lasifika gaban mutanen gaɓa biyu, tsofaffi su miƙe su tambaye shi inda ya kai ɗan fari. A nan za a ga mai ilimi.

Ba ruwana.

Lahadi, 13 ga wata, da safe

Na ɗauka zuwa yanzu wani ya yi magana. Shiru. Kawu Abdulrauf ya ga kansa a sama, ya sa bishiyar a fuskar wayarsa. Jiya na gan shi tsaye a bakin gonar fadama, hannu a ƙugu, yana kallon ɓangaren da Inna ke noma shinkafa.

Litinin, 14 ga wata, bayan la'asar

Goggo 'Yar Baba ta zo gaida Inna. Goggo ba ta zuwa gaisuwa sai da kaya a baki.

Ina gyaran tayar mashin a tsakar gida, ina jin su. Ta kunna muryar, ta kashe, ta sake kunnawa.

"Kin ji ko, Mariyamu? Da bakinai. Ba wani ya hwaɗa mani ba. Ashe dai Baba bai huce ba. Da Baba Sambo ne ke rufa asiri, yanzu babu shi, gaskiya ta hito."

Inna ta ce, "Allah shi kyauta."

"Ni dai ban ce komi ba. Amma mutum ya tashi da jirgi ran da ubansa ya ce kada ya tashi..."

Na jefar da sifana ta daki kwano. Na ce, "Goggo, rana ta yi, kajinki na nemanki." Ta ce ba ni da kunya, gadon rashin jin magana ne. Na ce gado dai kowa da irin nasa, wasu tsegumi suka samu.

Ba zan rubuta maganar ruwa a nan ba. An ga jirgin, ba a ga kowa ba. Masu cewa sun gan shi a Malanbil can Benin su ma ba su kawo ko hularsa ba. Iyakar abin ke nan.

Inna ba ta ci tuwo ba.

Laraba, 16 ga wata, da yamma kafin magariba

Mun kai goron gayyata Madekali, ni da sakatare, don Baba ya ce ƙugunsa ba zai iya hanya ba. Laka har gwiwa bayan Illo. A boda ya tsaya lalube jaka wai zai nuna fasfo, jami'in da ya san ni tun ina ɗaukar buhu yana kallonsa yana dariya. Na ji daɗin wannan. Shi kaɗai na ji daɗi yau.

Da muka isa, dangi suka rufe shi. Masu Dendi na yi, masu Faransanci na yi, kowa na son ya ga sunan ubansa a waya. Wata tsohuwa ta taɓa gilashin wayar ta shafa a fuska. Aka yanka masa zabo. Ni da nake zuwa garin nan kowane wata, ruwan randa ne nawa.

Da za mu taso, wani dattijo ya ja ni gefe, ya riƙe hannuna da hannu biyu kamar mai ta'aziyya. Ya ce, "Haƙuri, ɗana. Mun ji. Tsakanin ɗa da uba sai Allah." Har nan ta ƙetaro. Maganar ta riga mashin ɗina.

A hanyar dawowa muka tsaya sallah. Jamaluddeen ya zauna a kan kututture yana goge takalmi. Ya ce, "Bros, kowa ya yi rajista sai kai."

Na ce ba ni da data.

Ya ce zai tura mani. Sai kuma ya ce, "Ka san ina kishinka? Yadda kuke zagin juna da Baba. Ni kakana sau biyu na gan shi, na biyun a makara. Shi ya sa nake wannan aikin, ko zan san wani abu nasa."

Maganar ta taho har bakina. Wallahi ta taho. Sai wayarsa ta yi ƙara, Baba ne, ya sa an kira masa don ya ji ko "ɗan Kaduna" ya isa lafiya. Bai tambayi wanda ke tuƙi ba.

Na haɗiye. Na bi da shi ta cikin kowane rami har Kende.

Juma'a, 18 ga wata, da hantsi

Ya turo datar. Munafuki.

Lahadi, 20 ga wata, bayan azahar

Inna ta sauko da kwallayenta tana wankewa. Ta ɗaure tabarmi. Wai bayan taro in kai ta Sharabi gidan yayanta.

Na ce mata ba haka ba ne, na'ura ce ta yanke, ni ina bakin ƙofa na ji Baba ya yi shirunsa kamar kullum.

Ta ce, "Ya ce shi ɗin?"

Na ce ai ba wanda ya faɗi sunan balle ya amsa.

"To, bai ce ba ke nan." Ta ci gaba da cuɗa kwalla. "Na zauna gidan ga don yana da ɗaki a cikinai. Aure nawa na ƙi. In ubanai ya cire shi, zaman mi nike yi? In kuwa gaskiya kake hwaɗi, mi ya hana ka zuwa ka gaya wa yaron?"

Na ce zan je. Na hau mashin na je kasuwa na dawo.

Litinin, 21 ga wata, da safe

In Baba yana so a faɗa, me ya hana shi ce wa yaron, akwai ɗaya a nan, tambayi wani? Me ya sa ya wuce?

Talata, 22 ga wata, bayan la'asar

Na kai Baba wurin tela a Bagudo gwajin rigar karramawa. Tafiyar nan duk ni da shi ne, hannunsa a kafaɗata, kunnensa dab da bakina. Na tambaye shi farashin albasa. Na tambaye shi ko ƙugun ya yi sauƙi. Da muka zo mashigin da ake ɗaure jirage ya juyar da kai ɗaya gefen kamar yadda yake yi kullum, shi da ba ya gani.

Ya ce, "Yau gangar ta hwashe ne? Ko ɗan Kaduna ya ƙwace maka budurwa?"

Na ce, "Tsoho ya ƙwace mani, kuma na bar masa, ya tsufa da yawa."

Ya yi dariya. Bai ji muryar ba tukuna. Sakatare ya ce a ɓoye masa sai ranar, wai safirayis, wato ba-zata.

Alhamis, 24 ga wata, da rana

Saura kaɗan. Za su gani. Ba ruwana, ba ruwana.

Asabar, 26 ga wata, bayan magariba

Wannan kam dole in rubuta shi.

An kafa rumfuna a ƙofar gida har bakin hanya. Mutanen Benin sun zo a akori-kura biyu. Mata suna cikin gida, an jawo musu lasifika ɗaya a kan katanga. Inna ta ce ba za ta fito ɗaki ba. Baba a tsakiya cikin farar riga mai aiki, an miƙa masa allon yabo ya shafa shi da yatsu ya tambaya ko ana iya yanka albasa a kai. Aka yi dariya. Kujerar damansa, ta Baba Sambo, ba wanda ya zauna. Ni ina can baya wurin mashina, inda taransifot ke tsayawa.

Jamaluddeen ya yi jawabi rabi Turanci, sannan ya kunna muryar.

Na gyara tsayuwa. Gado ya wuce, gidajen gaɓa suka wuce. "'Ya'yan Lauwali, sai Abdulrauf."

Na jira tsofaffi su miƙe. Ba wanda ya miƙe. Ba wanda ya ko dubi Jamaluddeen. Ni suka juyo suna kallo, layi bayan layi, da irin idon da ake kallon maraya ranar Sallah. Wani ya girgiza kai. Kawu Abdulrauf ya dubi takalminsa. Ramin da na bari a buɗe don wani, ashe mahaifina ne ke ciki, kuma ana ta zuba ƙasa.

Sai Baba ya buga sandarsa. "Kashe wanga abu."

Aka kashe.

"Ba ni abin maganar."

Ya ɗauko daga farko, da bakinsa, a hankali, iska na kaɗa rigar. Bai tsallake kowa ba. Da ya ce "'ya'yan Lauwali" sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru.

Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Har kukan jariri daga cikin gida ana ji. Ƙannen mahaifina suna zaune reras, kowa na jiran wani. Wasu ba su san ko so yake a faɗa ba, wasu sun sani sarai. Baba bai ɗago ba. Ya ƙudura ba zai ce "sai Abdulrauf" ba ko za a kwana.

Na kutsa gaba ina ture kujeru. Na buɗe baki. Ni Haliru mai bakin ganga, da na zagi jami'in boda a gabansa, na kasa faɗin sunan. Tun da aka haife ni ban taɓa kiransa ba. Ɗa ba ya kiran sunan ubansa gatsau a bainar jama'a, harshen ma bai san hanyar ba. Uban ba zai iya ba, matar da ke ɗaki ba za ta iya ba, ni ba zan iya ba. Mu uku da muka fi kowa sonsa.

Na ciro waya na rubuta. Rubutu dai ba kira ba ne. Na cusa ta a fuskar Jamaluddeen har ta bugi gilashin idonsa. Na ce, "Faɗi. Da ƙarfi. Aikin kakanka ne, sakarai."

Ya dubi wayar, ya dubi Baba, ya dubi kujerar da ba kowa. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta yi kamar an watsa mata toka. Ya karɓi abin magana ya faɗi sunan. Muryarsa ta fashe a tsakiya, ya sake faɗa.

Baba ya ce, "Shi ɗin."

Sau biyu shi ma ya ce. Daga cikin gida wata ta rangaɗa guɗa, wata ta fashe da kuka. Na san mai kukan.

Da ya kai ƙarshen salsala ya ce, "Wa ya hwaɗi?"

Aka ce jikan Sambo.

"Taho nan. Zauna wurin kakanka."

Ya ɗora masa hannu a ka, ya daɗe yana sa albarka. Aka yi ta kabbara, aka yi ta hoto. Ni na koma wurin mashina, don an ce mutanen Sharabi na neman mai kai su.

Lahadi, 27 ga wata, da hantsi

A hoton da ya turo guruf, gwiwar hannuna ce kawai ta fito.

Litinin, 28 ga wata, bayan la'asar

Jamaluddeen ya zo har gida, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa wa Inna yana ba da haƙuri kamar shi ya kife jirgin. Inna ta kawo masa fura. Ita ma.

Da zai tafi ya tsaya kusa da mashin ya ce, "Bros, ka sani tun ranar farko ko? Me ya sa ba ka gaya mani ba?"

Na ce ba ni da data.

Bai yi dariya ba. Ya ce ya gyara bishiyar, ya kuma cire tsohuwar muryar ya ɗora ta ranar taro, ba yanka ko ɗaya, har tarin.

Bayan azahar na kai Baba asibiti a duba ƙugu. A hanya ya ce, "Ɗan Kaduna ya iya karatu. Amma an ce wani mai mugun baki ne ya riƙe mai allon." Na ce ban san shi ba. Ya ce, "Ni ma ban san shi ba. In ka gane shi ka ce mai ya yi latti." Ya matse mani kafaɗa har ta yi zafi, bai saki ba sai da muka wuce mashigin jirage.

Laraba, 30 ga wata, da safe

Kwallayen sun koma kan kanta. An kwance tabarmi. Jiya Inna ta je fadama ta kori tsuntsaye da kanta.

Ta sa na ajiye mata muryar a wayarta, na nuna mata inda za ta taɓa. Ba ta son Gado, ba ta son gidajen gaɓa, wurin nan kawai. Tana tankaɗe tana ji, tana shara tana ji. Shirun ya zo ya daɗe, sannan muryar Jamaluddeen, da Hausarsa ta Kaduna mai kama da an cire mata ƙashi, ta cika mana tsakar gida da sunan mahaifina. Kullum. A gidanmu. Baɗi ma shi zai faɗa, da baɗin baɗaɗa, yana zaune a daman Baba.

Na shiga shafin ɗazu. Yana nan a sama, na farko. Na taɓa shi, na rubuta Haliru a ƙasa.

Inna na kira, wai wayar ta mutu tun bai kai wurin ba. Bari in kai mata caji.